GUDUN MOTA BASHI NE, TILAS A BIYA SHI

Jawabin da aka gabatar a gaban taron direbobi, 'yan kamasho da masu abin hawa a garin Azare



Ina godiya ƙwarai da wannan dama da aka ba ni in tsaya a gabanku. Na sani sarai a cikin dattawan da ke zaune a nan akwai waɗanda suka riƙe sitiyari tun kafin ranar 2 ga watan Afrilu na shekarar 1972, watau ranar da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. Saboda haka ba zan yi karambanin koya wa kowa tuƙi ba. Abin da na zo da shi ɗan lissafi ne, irin wanda ake koya wa yara a darasin kimiyya a makarantun sakandare, amma aka bar shi a jikin allo, alhali kuwa waɗanda suka fi kowa bukatarsa suna nan a tasha.

Dalilin da ya sa wannan magana ta dace da Azare ba ɓoyayye ba ne. Babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta biyo ta Wudil da Kiyawa da Jama'are, ta nan ta ratsa kafin ta miƙe zuwa Dambam da Potiskum, har Damaturu da Maiduguri. Ga hanyar Misau, ga ta Gadau, ga kuma wadda ke kai mutum tsohon birnin Katagum, inda Malam Zaki ya kafa wannan masarauta a zamanin jihadi, kafin a dawo da gadon sarauta nan Azare a zamanin Turawa. Dare da rana tireloli suna ratsa ƙasar Guddiri, waɗansu da shanun kasuwar Potiskum, waɗansu da siminti ko hatsi ko man fetur. A shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mai da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye. Kyakkyawar hanya alheri ce babba, amma fa direban da ramuka suke tsare shi a da, in hanya ta yi sumul ba shi da sauran mai tsare shi sai hankalinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke rasa rayukansu kowace shekara a kan hanyoyin duniya, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace shan wannan asara. Har ila yau hukumar ta ce tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu wani ciwo da ya kai haɗarin hanya kisa. Waɗannan su ne 'yan makarantarmu da samarinmu masu jini a jika.

NAUYIN TAFIYA

Jama'a, duk abin da ke tafiya ba ya son tsayawa, kamar yadda abin da ke tsaye ba ya motsi sai an motsa shi. Shaihin malamin nan Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayani cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a jikinsa, wanda ba ya gushewa sai wani abu ya tare shi. Daga baya wani masani na ƙasar Ingila, Isaac Newton, ya tsara wannan magana ta zama doka ta lissafi a shekarar 1687.

Mutumin ƙasar Katagum ba ya bukatar littafi kafin ya gane wannan, domin yana ganinsa kowace sallah. Ku dubi mahayin da ya zo jafi gaban Sarki. Ya sako dokinsa a guje, sa'an nan ya ja linzami, doki ya turje. Me ya sa mahayin yake kafe ƙafafunsa a likkafa, ya kwantar da jikinsa baya? Domin ya sani doki ne ya tsaya, shi jikinsa bai tsaya ba, in ya yi sakaci ta kan doki zai wuce. To, fasinjan da ke zaune a gaban mota ba ɗamara, mahayi ne da ba shi da likkafa.

Wannan ƙin tsayawa yana da ma'auni. Turawa suna ce masa momentam, mu kuwa bari mu kira shi nauyin tafiya. Yadda ake samunsa shi ne a ninka nauyin abu da gudunsa. In nauyi ya ƙaru ya ƙaru, in gudu ya ƙaru ya ƙaru. Dokarsa kuwa ita ce, in abu biyu suka yi karo, nauyin tafiyarsu ba ya ɓacewa, sai dai su rarraba shi tsakaninsu. Nan gaba in na ce 50 ko 100, ina nufin abin da maleji ke nunawa, watau kilomita cikin sa'a guda.

Alal misali, mu ɗauki tirela mai ɗauke da buhun siminti 600. Kowane buhu kilo 50 ne, kaya kaɗai tan 30 ke nan, in an haɗa da jikin motar mu ƙaddara tan 45. Sa'an nan mu ɗauki ƙaramar mota wadda ita da mutanen cikinta suka yi tan ɗaya da rabi. Watau tirela ta ninka ta sau 30. Kowacce tana gudu 60, sai suka yi taho-mu-gama. Lissafi ya nuna bayan karon tirela za ta ci gaba da tafiyarta da gudu 56, abin da ta rasa bai wuce 4 ba. Ƙaramar mota kuwa, wadda take tafe gabas da gudu 60, cikin ƙiftawar ido za ta koma yamma da gudu 56. Canjin da ya same ta 116 ke nan. Abin mamaki, ƙarfin da tirela ta daki motar da shi daidai yake da wanda motar ta daki tirela da shi, ba ragi ba ƙari. Amma dukan da bai ko girgiza mai tan 45 ba, shi ne yake niƙe mai tan ɗaya da rabi.

Abin da ke tsakanin tirela da ƙaramar mota, shi ne ke tsakanin ƙaramar mota da ɗan acaɓa, shi ne kuma ke tsakanin ɗan acaɓa da yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin titi. A kan hanya ƙarami ne kullum yake biyan kuɗin karo, ko da shi ke da gaskiya. Don haka wanda Allah ya ba babbar mota, amanar da ke wuyansa ta fi ta kowa.

ZAFIN GUDU

Ma'auni na biyu shi ne jigon jawabina, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku. Ban da nauyin tafiya, abin da ke motsi yana ɗauke da wani ƙarfi wanda shi ne yake lanƙwasa ƙarfe, yake karya ƙashi. Wannan za mu kira shi zafin gudu. Lissafinsa ya bambanta da na farko, domin a nan gudu sau biyu yake shiga. Ana ɗaukar rabin nauyi, a ninka da gudu, a sake ninkawa da gudu.

Masana sun daɗe suna gardama a kan wannan, har wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Gravesande ya yi gwaji a shekarar 1722. Ya riƙa sako dunƙulen tagulla daga sama suna faɗawa cikin yumɓu mai taushi, yana auna ramin da suka yi. Sai ya ga in dunƙule ya faɗo da gudu ninki biyu, ramin da yake yi ninki huɗu ne, in ya faɗo da ninki uku, rami ninki tara.

To, ga ma'anarsa a wurinmu. Mu mutanen kasuwa ne, mun saba mudu biyu kuɗin mudu biyu ne. Amma gudu ba ya bin lissafin kasuwa. Direban da ya tashi daga 50 zuwa 100 yana tsammanin ninki biyu ya yi, alhali ɓarnar da ya ɗauko ninki huɗu ce. Wanda ya tashi daga 40 zuwa 120, ninki tara ya ɗauko. Allurar maleji tana hawa ɗaya-ɗaya, shi kuwa zafin gudu yana hawa da tsalle, kuma babu wata allura a gaban direba da ke nuna masa shi.

Domin abin ya zauna a zuci, mu kwatanta shi da faɗawa rijiya, tun da yake kowa ya san zurfin rijiya da gaba ake auna shi. Mutumin da motarsa ta daki gindin kuka ko ƙafar gada da gudu 30, kamar ya faɗo daga tsawon mita uku da rabi ne, watau gaba biyu. Da gudu 50, mita goma ne, rijiya mai gaba biyar da ɗoriya. Da gudu 80, mita 25. Da gudu 100, mita 39, watau rijiyar da ta haura gaba ashirin. Da gudu 120 kuwa, mita 56 da 'yan kai, fiye da gaba talatin, kuma rijiyar busasshiya ce, babu ruwa a ƙasanta. Ina tambaya, wane ne a cikinmu zai yarda ya zaunar da iyalinsa a bakin irin wannan rijiya suna lilo da ƙafa? Amma kullum muna zuba su a mota, mu ce wa direba ya taka mu isa da wuri.

INA ZAFIN YAKE TAFIYA?

Wata doka ta kimiyya ta ce irin wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya canja kama. Shi ya sa na ce gudu bashi ne. Duk lokacin da direba ya taka totur, bashi yake ci, kuma kafin motar nan ta tsaya tilas a biya shi duka, ba a yafe ko kobo. Hanyar biya iri biyu ce. Ko birki ya biya sannu a hankali a cikin doguwar tazara, ko kuwa ƙarfe da tsoka su biya nan take.

Birki yana biya ne ta hanyar mai da gudu zafi. Kowane yaron mota ya sani in an sha birki da yawa ba a taɓa garin taya da hannu. Tirelar nan tamu mai tan 45, in tana gudu 60, zafin da birkinta zai haɗiye kafin ta tsaya ya isa ya tafasa ruwa lita 20, kuma ya fi na ƙananan motoci goma masu gudu 100 in an haɗa su. In aka yi mata obalodi, an ƙara mata bashi ba a ƙara mata birki ba. Birkin da ya yi zafi fiye da kima kuwa ba ya kamawa. Sau da yawa wannan ne asalin abin da ake cewa birki ya shanye.

Sa'an nan birki yana bukatar fili. Daga lokacin da idon direba ya ga saniya ta fito hanya zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka a kan birki, aƙalla sakan ɗaya ya wuce, in lafiyayye ne, ba ya gyangyaɗi, ba ya waya. A cikin wannan sakan ɗaya mota mai gudu 50 ta ci mita 14, mai gudu 100 ta ci mita 28, tun ba a fara rage komai ba. Bayan an taka, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, mai gudu 50 tana bukatar kimanin mita 14, mai gudu 100 kuwa kimanin mita 55. Kun ga ninki huɗun nan ya sake fitowa. In an haɗa duka, mai 50 za ta tsaya a mita 28, mai 100 a mita 83, mai 120 kuwa sai ta ci mita 112, watau ta wuce tsawon filin ƙwallo. In damina ce, ko taya ta suɗe, ko rairayi ya hau kwalta, tazarar ta fi haka nesa.

Ga wani misali da nake so kowa ya tafi da shi gida. Motoci biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa a cikin garin Azare, ɗaya tana 50 kamar yadda doka ta ce, ɗaya tana 65. Yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, mita 28 a gabansu. Direbobin duka suka gan shi lokaci guda, suka taka birki lokaci guda. Mai gudu 50 zai tsaya daf da yaron, ya yi salati, ya yi faɗa, kowa ya kama gabansa. Mai gudu 65 kuwa, a daidai wannan wuri, motarsa tana sauran gudu kusan 50 lokacin da za ta same shi. Bambancin 15 a maleji ya zama bambancin 50 a jikin yaro. Haka kuma a babbar hanya, inda mai gudu 100 ya tsaya cak, mai gudu 120 zai iso wurin da sauran gudu fiye da 70.

KARO UKU A CIKIN ƊAYA

In birki bai sami filin biya ba, sai a koma hanya ta biyu. A nan abin da ke raba mai rai da mamaci shi ne tsawon lokacin da jiki ya samu ya tsaya. Ku lura da masu sauke kankana daga mota. Wanda ake jefo wa ba ya tare ta da sandararrun hannuwa, yakan bi ta ya ja hannunsa baya, sai ta sauka lafiya. Da bango ta daka da wannan gudun, da ta fashe. Gudu ɗaya ne, nauyi ɗaya ne, amma hannu ya ba ta lokaci, bango bai ba ta ba.

A kan wannan hikima aka gina motocin zamani. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ya fito da dabarar a yi gaban mota da bayanta yadda za su lotse in an yi karo, a bar ɗakin fasinja da ƙarfinsa, kuma aka fara sayar da mota mai wannan tsari a 1959. Mutanenmu sukan yi wa motocin yanzu ba'a, su ce gwangwani ne, ba kamar na da ba masu ƙarfe. Gaskiyar magana, lotsewar nan da gangan aka yi ta. Gaban motar yana mutuwa ne a madadin mai ita. Motar da ta fito daga karo ba ta lotse ba, a tambayi inda zafin ya tafi.

A cikin kowane haɗari akwai karo uku. Na farko mota ta daki abu ta tsaya. Na biyu mutumin da ke ciki, wanda jikinsa bai tsaya ba, ya daki sitiyari ko gilashi ko bayan kujera. Na uku kayan cikinsa, ƙwaƙwalwa da hanta da saifa, su daki ƙashin da ke tsare da su. Wannan karo na uku ba a ganinsa da ido. Shi ya sa mutum zai fito daga mota da ƙafarsa, ya ce ba abin da ya same shi, har ya taimaka a ciro waɗansu, bayan sa'o'i kuma a ji ya cika. Saboda haka duk wanda ya yi haɗari mai ƙarfi a kai shi asibiti likita ya duba shi, ko da ba a ga jini ba. Ga babban asibitin Gwamnatin Tarayya nan cikin garinku.

Ɗamarar kujera irin wadda muke gani yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu, injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro ta a 1959. Aikinta shi ne ta haɗa mutum da mota, domin ya ci moriyar lotsewar gabanta, ya tsaya tare da ita a hankali. Ita ce likkafar da na ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage haɗarin mutuwa har da rabi. A nan Nijeriya an fara tilasta ɗaura ta ranar 1 ga Janairu na 2003, hular kwano ga masu babur kuwa ranar 1 ga Janairu na 2009. Hular ma aikinta ɗaya da hannun mai kankana, watau soson da ke cikinta ya ba ƙoƙon kai ɗan lokacin da kwalta ba za ta ba shi ba.

Ina da saƙo na musamman ga iyayenmu mata da ƙannenmu. In mota mai gudu 50 ta tsaya a cikin rabin mita, kowane abu da ke cikinta yana fizgewa gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kimanin sau ashirin. Jaririn da ke kan cinya mai kilo 10 ya zama kilo 200, watau buhun siminti huɗu. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take yi wa ɗanta. Kada a zauna da yaro a kujerar gaba. Kazalika babban mutum mai kilo 70 da ke baya ba ɗamara zai faɗo wa na gabansa da nauyin da ya kusa tan ɗaya da rabi, buhun hatsi mai kilo 100 da aka ɗora bayan fasinja ba a ɗaure ba ya zama tan biyu. Ku auna da kanku halin bayin Allah da ke hawa saman tirela a kan kaya ko a kan shanu, saboda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu.

TAHO-MU-GAMA

Akan ji mutane suna cewa in motoci biyu masu gudu 80 suka haɗu gaba da gaba, kamar dukan bango ne da gudu 160. In motocin nauyinsu ɗaya ne, lissafi bai ce haka ba. Kowacce kamar ta daki bango ne da gudu 80, domin ɓarnar ta rabu gida biyu. Amma kada wannan ya sanyaya wa kowa zuciya, domin 80 ɗin rijiya ce mai mita 25, kuma in ɗayar ta fi nauyi, kun riga kun ji yadda rabon yake kasancewa.

Inda gudu biyu suke haɗuwa sosai shi ne wajen cin tazara. Direban da ya fito zai sha gaban tirela yana gudu 100, ya hango wata tana tahowa ita ma da 100, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 55 kowane sakan. Rabin kilomita, wanda ido ke gani kamar nesa ne, sakan tara kacal ne. Babban amfanin tagwayen hanya shi ne raba mai zuwa da mai dawowa. Wanda ya yi aron hannu don ƙyuyar zagayawa, ya ɗauki wannan amfani da aka kashe dukiyar talakawa a kansa ya zubar.

RIBAR DA AKE NEMA

To, mene ne ake samu a madadin wannan kasada? Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade gudu 50 a cikin gari. A babbar hanya ta tagwaye ta ba ƙananan motoci na gida 100, motocin haya da bas-bas 90, tanka da tirela 60. Mu ɗauki tafiyar kilomita 100, watau kusan nisan Azare zuwa Potiskum. Direban bas da ya tsaya a 90 zai isa cikin minti 67. Wanda ya taka 120 zai isa cikin minti 50. Ribarsa minti 17, abin da bai kai zaman shan shayi ba. Abin da ya biya kuwa shi ne ƙarin zafin gudu kashi 78 cikin ɗari a kan kowane rai da ke cikin motar, ban da man da ya ƙone da tayar da ta ci wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in matsakaicin gudu a kan hanya ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗarin da ke kisa yana ƙaruwa da kashi 4. Ɗan kasuwar da zai yarda da irin wannan ciniki, ba zai daɗe a kasuwa ba.

Na san abin da waɗansu za su ce, cewa komai ƙaddara ne, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Haka ne, babu musulmin da ke jayayya da wannan. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun koya mana tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Manomin da ya dogara ga Allah ba ya barin shuka, mai dabba ba ya barin ɗaure ta. Lissafin nan da na karanta muku ba wani Bature ne ya kafa shi ba, ganowa kawai suka yi. Tsari ne da Mahalicci ya ɗora duniyarsa a kai, kuma ba ya sassauta wa gwani, ba ya jin laya.

KIRA

Ba adalci ba ne a jibga laifi duka a kan direba. Mai motar da ya yanka wa direbansa balas ɗin da ba ya samuwa sai da sawu uku a yini, shi ma ƙafarsa tana kan totur. Fasinjan da ke yi wa direba gorin nawa, da ɗan kamashon da ke cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, duk suna da kaso. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi su mai da duba taya da birki sharaɗin lodi a tasha, su kuma tsaya wa duk direban da ya ƙi obalodi, kada a kore shi a kan gaskiyarsa.

Ga hukuma kuwa, tun watan Fabrairu na 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma a watan Fabrairu na 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Doka tana nan, abin da talaka ke nema shi ne a aiwatar da ita a kan kowa, har da jerin motocin manya. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Bauchi da ƙananan hukumomin masarautar Katagum su dubi duk inda babbar hanya ta ratsa kasuwa ko makaranta, su sa alamu da wuraren tsallakawa, su samar wa masu talla da masu sauke fasinja fili nesa da kwalta, su kuma tanadi motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni. Malaman makaranta su ma su fito da wannan darasi daga allo, su auna wa yara mita 28 da mita 83 a filin wasa, su taka da ƙafarsu su gani.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi, gobe da asuba in an gama lodi, an yi addu'a, an kama hanyar Jama'are ko ta Dambam, ku dubi allurar nan ku tuna ninki biyu a wurinta ninki huɗu ne a jikin mutane. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, mu ko minti 17 kaɗai ake roƙonmu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a kan waɗannan hanyoyi, ya ba majinyata lafiya, ya kai kowa gidansa lami lafiya.